An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Tun ranar da Adebayo Adelabu, a matsayinsa na Ministan Wutar Lantarki, ya fito a 2024 ya ce matsalarmu ita ce ba mu iya tattalin wuta ba, wai muna barin firiza a kunne kwana da kwanaki, muna kunna AC mu fita yawo don ɗaki ya yi sanyi kafin mu dawo, mutanen garin nan namu na Kano suka rabu gida biyu. Wasu suka yi ta zaginsa har sai da ya nemi afuwa. Wasu kuma suka gyaɗa kai suka ce ai gaskiya ya faɗa, kuma nan take suka samo magani: a jefar da tsohuwar na'ura a sayi mai inbata. Yanzu duk shagon da ka leƙa a France Road ko kewayen Bata, magana ɗaya ce a bakin yaran shago: “Ɗauki wannan, Alhaji, inbata ce, ba ta shan wuta.” Masu ilimin cikinmu ma haka suke faɗa a rediyo. Ka sayi mai inbata, ka duba takardar da aka manna a jikinta, shi ke nan ka huta.

Ban yarda ba. Ministan ya ɗora laifi a kan ɗabi'ar mai gida, ɗan kasuwa ya ɗora a kan tsufan na'ura, dukansu sun tsallake wurin da gizo ke saƙa. Kaso mai tsoka na wutar da AC ke ɓarnatarwa a Fagge da Sabon Gari, ranar da aka kafa ta a bango aka yanke hukuncin ɓarnarsa, cikin awa biyu, a hannun mutumin da ba wanda ya tambaye shi inda ya koyi aikin, wanda kuma aka taya ladansa kamar ana cinikin tumatir.

A ranar 3 ga Afrilu, 2024 hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A daga kusan naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit. An yi haka ana tsakiyar azumi, ana tsakiyar bazarar da zafinta ya kai maki 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Kafin wannan ranar, mugun aiki yana ɓuya a bayan arahar wuta. Yanzu ba shi da wurin ɓuya, duk wata sai ya fito a mita.

Mai karatu, idan ka shiga Sabon Gari kada ka tsaya kallon fuskar filaza. Zagaya bayanta ka ɗaga kai. Za ka ga kawunan waje na AC an jera su a lungun da ko mutum biyu ba za su gifta juna ba, wannan yana hura zafinsa a bakin wancan, na ƙasa yana turara na sama. Wani an cusa shi ƙarƙashin kwanon rufi, wani an manne bayansa da bango ko tafin hannu ba zai shiga ba, wani yana fuskantar yamma, ranar la'asar tana dukansa har magariba. Baƙin soson da aka naɗe bututu da shi ya ƙone ya zube, bututun yana tsirara a rana. Ramin da aka huda a bango an toshe shi da leda ko guntun kwali, ko ma an bar shi a buɗe. Ruwa yana bin bango ya yi masa kore. Ita kuwa AC ba sanyi take ƙerawa ba. Aikinta kwasar zafin ɗaki ta kai shi waje ta zubar. Idan kan wajen ba ya samun iska, ko kuma iskar da yake shaƙa ita ce zafin da maƙwabcinsa ya fitar, kwamfuresa za ta yi ta nishi tana jan wuta, ɗaki kuma ba zai yi sanyin kirki ba. Inbata tana rage shan wuta ne saboda tana sassauta gudu idan ɗaki ya kai sanyin da aka nema. Ɗakin da bai taɓa kaiwa ba fa? Haka za ta wuni tana gudu iya ƙarfinta, ba ta da bambanci da wadda aka jefar.

Alƙaluman da ke jikin takardar nan da ake tinƙaho da ita, a ɗakin gwaji aka samo su, inda aka kafa na'urar bisa ƙa'ida, gas ɗinta cif, bututunta daidai, zafin waje kuma maki 35. Akwai ma'auni na daban na ƙasashe masu tsananin zafi da ake gwadawa a maki 46, amma wa ya taɓa jin mai shago ya yi wa mai saye wannan bayani? Mu a nan, a watan Afrilu, zafi yana haura 40 a inuwa. Takardar tana faɗin abin da na'ura za ta iya ne idan an yi mata adalci. Ba ta yi alkawarin komai ba a kan na'urar da aka rataye a lungun bayan Kantin Kwari.

Na taɓa tsayawa a kan wani aiki a shagon wani ɗan uwa a Fagge. Matasa biyu suka zo a babur da guduma da kurfi da sifana biyu, ba tsani ma, sai da aka aro benci. Suka huda bango, suka rataye kan ciki ba tare da an ɗora ma'aunin daidaito ba, suka yanka bututu, suka buɗe bakinsa suka ɗaure. Da aka zo wurin da ya fi ko'ina muhimmanci, babban cikinsu ya sassauta goro ɗaya, ya buɗe gas ya yi fuuu na 'yan daƙiƙu, ya mayar ya ɗaure. Na ce, “Malam, ina injin zuƙe iska?” Ya dube ni ya ce, “Ai mun fitar da iskar, Yallaɓai, ba ka ji ba? Haka ogana ya koya mini.” Ban ga laifinsa ba, don gaskiya ya faɗa, haka aka koya masa. Amma littafin da ya zo cikin kwalin, wanda a lokacin yana yashe a ƙasa ana takawa, ya ce a jona injin zuƙe iska a bar shi ya yi aiki har sai iska da danshi sun fita daga bututu, a rufe a ga ko allurar ma'auni za ta motsa, sannan a saki gas. Iskar da ta rage a ciki tana ɗaga matsin da kwamfuresa ke fama da shi, wato ƙarin wuta. Danshin kuma yana haɗuwa da man kwamfuresa ya lalata shi, ya riƙa cin na'urar ta ciki. Ranar farko sanyi zai fito, kowa ya yi murna, a biya kuɗi. Bayan bazara biyu kwamfuresa ta ƙone, sai a ce ai kayan yanzu ba su da ƙwari, ko a ce wuta ce ta buga ta.

Sai kuma ƙaryar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, wadda ta zauna daram a kan kowa har da masu digiri: “Gas ya ƙare.” Duk shekara idan bazara ta kunno kai, mai gida zai kira mai gyara, mai gyara ya ɗora hannu a bakin iska ya ce gas ya ƙare, a kawo tukunya a ɗura, a biya. Wasu har sun sa shi cikin kasafin gida. Jama'a, AC ba ta ƙona gas. Zagayawa yake yi a cikin rufaffen bututu, daga ciki zuwa waje, daga waje zuwa ciki, shekara da shekaru. Firjin da ke ɗakin mahaifiyarka ya yi shekara nawa ba a ƙara masa komai ba? Idan gas ya ragu, to akwai inda yake zuba, kuma galibi a bakin mahaɗar nan ne da aka buɗe da hannun gaggawa ranar kafawa, ko a bututun da aka lanƙwasa a gwiwa har ya tsage. Mai gyaran da ya ɗura maka gas bai nemo inda yake fita ba, ruwa yake zuba maka a rariya kana biyansa. Kuma ɗurin ma da ka ake yi, ba sikeli, alhali a jikin kowane kan waje an rubuta nauyin gas ɗin da yake ɗauka. Idan ya gaza, sanyi ya ragu na'ura ta daɗe tana aiki. Idan ya zarce, nan ma wuta ce take tafiya. Har akwai masu haɗa gas iri biyu a na'ura ɗaya saboda wanda ya dace ya yi tsada. Wannan sana'ar ɗurin shekara-shekara tana ciyar da mutane da yawa, shi ya sa ba mai son a tona ta.

Kada a ce zancen bakin titi nake yi. A 2014 cibiyar ma'auni ta gwamnatin Amurka, NIST, ta fitar da sakamakon binciken da ta yi a kan kurakuran kafa irin waɗannan na'urori, ta nuna cewa suna iya ƙara wutar da gida ke kashewa wajen sanyaya ɗaki da ɗumama shi da kusan kashi 30 cikin 100. A Amurka ke nan, inda doka ta hana mutum taɓa gas ɗin AC sai ya ci jarrabawa ya karɓi shaida. To mu yi lissafin da kowane ɗan kasuwa zai iya yi a bayan rasit. Na'ura mai doki ɗaya da rabi, a ce tana shan yunit ɗaya a awa. Awa 8 a rana, kwana 30, yunit 240 ke nan. A farashin Afrilun 2024 na naira 225, ya kama naira 54,000. Ɗora kashi 30 a kai, naira 16,200 ta ƙaru, duk wata, a kan na'ura ɗaya. Ƙirga kawunan da ke bayan filaza ɗaya tak a Ibrahim Taiwo Road ko wajen 'yan canji na Wapa, ka gaya mini ko firizar matar aure ce take cinye wutar ƙasar nan.

Na san abin da za a ce. Za a ce talaka ina ruwansa da AC, shi da fanka ma ta gagare shi. Wannan magana ce ta mai son kashe zance. Taransifoma ɗaya ce take ba filaza da gidan talakan da ke bayanta. Idan na'urori hamsin marasa lafiya suka taru suna jan abin da ya fi ƙarfinta, fankar talaka ce take fara rage gudu, kuma idan taransifomar ta ƙone, har ƙofarsa za a zo karɓar kuɗin gyara. Ga ƙananan asibitoci, ga ɗakunan haihuwa, ga shagunan magani da zafi ke lalata musu kaya, ga masallatan da aka yi karo-karo aka sa musu AC aka miƙa aikin ga wanda ya fi sauƙin kuɗi. Za a kuma ce kamfanin raba wuta na KEDCO ba ya ba da wutar ma balle a yi tattalinta. To sai me? Wanda ke kan janareto tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ko wanda ya zuba miliyoyi a sola da batura, shi ne ma ya fi kowa jin zafin na'urar da ke shan fiye da rabonta.

Akwai abin da ya fi kuɗi. Ana sayar da bututun alminiyon da aka yi wa launin tagulla, ana kafa shi a karɓi kuɗin tagulla. Ana jan AC da siririyar wayar da ta dace da ƙwan fitila, a jona ta a soket ɗin da ke ɗauke da firji da dutsen guga, ba wayar ƙasa, ba makashin da zai yanke wuta idan ta yi yawa. Da hunturu kuma a ɗora hitar ruwa a kan wannan wayar dai. Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi da ke Sabon Gari ta ƙone a watan Maris na 2016, dubban shaguna suka zama toka, mutanen da suka kwana da arziki suka wayi gari ba su da na cefane. Kasuwar Singa da Kantin Kwari duk sun ɗanɗana. Unguwar da ta ga wannan ita ce ta fi cancanta ta riƙa tsoron waya mai ɗumi. Ga shi kuma duniya tana barin tsohon gas R22 bisa yarjejeniyar Montreal ta 1987, sababbin da ke maye gurbinsa irin R32 da R290 kuwa suna kamawa da wuta, na biyun ma sosai. Su za mu damƙa wa yaron da ke walda bututu da sigari a bakin abokinsa.

Wa ya jawo mana wannan? Mu ne, kuma tun ba yau ba. Mun ɗauki shekaru muna raina duk wanda ke cin abinci da hannunsa. A gidajenmu, yaron da ya kasa a boko shi ake cewa a kai shi ya koyi gyara, kamar gyaran na'urar da ke aiki da matsi da zafi da lantarki ba ya bukatar kai. Da aka kawo tsarin 6-3-3-4 a 1982 aka ce za a koya wa yara sana'a tun daga ƙaramar sakandare, aka shigo da injuna daga waje, da yawansu a cikin akwatunansu suka ruɓe, ba malami ba wuta. Har gobe mai HND yana bayan mai digiri a ma'aikatun gwamnati, an yi ta alkawarin kawar da bambancin ana maimaitawa. Hukumar ilimin fasaha ta NBTE tana nan Kaduna tun 1977, asusun horar da ma'aikata na ITF tun 1971, ga hukumar jarrabawar fasaha ta NABTEB, ga kwalejojin fasaha a Kano da Wudil da Bagauda, ga ƙungiyar masu sana'ar firji da AC ta ƙasa, NARAP. Duk da wannan tarin sunaye, yau ɗin nan kowa zai iya sayen sifana biyu a 'Yankura ya ce shi injiniya ne, kuma ba mai tambayarsa takarda. A Tarayyar Turai mai shago ba ya sayar wa mutum irin wannan na'ura sai da shaidar cewa mai lasisi ne zai kafa ta. Mu kuwa taron bita muke yi a otal a Abuja a raba jaka.

Ba wai babu ƙwararru ba. Akwai su a Sabon Gari da Fagge, Hausawa da Inyamurai da Yarabawa, dattawan da suka yi shekara talatin a aikin, suna da injin zuƙe iska, suna da sikeli, suna auna ɗaki su ƙirga tagogi kafin su ce ga girman da za a saya. Su ne kasuwa take korewa. Alhaji zai ƙirga dubban ɗaruruwa ya biya kuɗin na'ura ko gezau bai yi ba, amma da an zo ladan mai kafawa sai ya tuna cewa zamani ya yi tsada. Ƙwararre ya faɗi kuɗinsa, a ce ya cika tsada, a kira wanda zai yi a rabi. Shi kuma na rabin dole ya yi guda huɗu a rana kafin ya ci abinci, ina zai samu lokacin tsayawa jiran allurar ma'auni? Mafi muni shi ne mai shagon da ke cewa kafawa kyauta ce. Ba kyauta ba ce. Yaron shago ne za a haɗa ka da shi, kuma idan na'urar ta mutu, wurin mai shagon za ka dawo sayen wata. Shi bai yi asara ba ko ta ina.

Masu gini ma suna da kasonsu, kuma na daɗe ina jin haushinsu. Kakanninmu sun yi gini da tubali da azara, bango mai kauri, taga ƙarama, rufin soro, zaure mai shan iska. Shiga Gidan Makama da azahar ka ji yadda jikinka zai gaya maka. Yanzu an rushe tsofaffin gidajen Fagge ana tayar da filazoji na gilashi tun daga ƙasa har sama, suna kallon rana, bulo mai rami, kwano ba silin kirki, kuma a duk zanen ginin ba wanda ya tuna ya ware wurin da kawunan AC za su zauna su sha iska. Sai an gama fenti a kira mai kafawa a ce ya san yadda zai yi. Ɗan haya kuma ya ga ɗaki ba ya sanyi, ya ce a kawo mai doki biyu, a ƙara wata. Hukumar KNUPDA da ke amincewa da zanen gini tana iya tambayar wannan abu ɗaya kafin ta buga hatimi, ba sai an yi sabuwar doka ba.

Hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta ƙiyasta a 2018 cewa na'urorin AC a duniya za su tashi daga biliyan 1.6 zuwa biliyan 5.6 nan da 2050, kuma garuruwa masu zafi da yawan jama'a irin Kano ne za su sha mafi yawa. Wato abin da muke gani a bayan filazojin nan somin taɓi ne. Idan gwamnati da gaske take a kan tattalin wuta, ta bar firizar mutane ta zauna da hukumar kula da ingancin kaya ta SON da NBTE da NARAP, a ce daga rana kaza ba mai kafa AC sai da shaidar ƙwarewa, kuma garantin na'ura ya rataya a kan sa hannun wanda ya kafa ta. A nan gida, shugabannin kasuwar Sabon Gari da na Kantin Kwari da Ƙaramar Hukumar Fagge ba sa bukatar izinin Abuja kafin su buɗe rajistar masu wannan aiki, su hana wanda ba ya ciki taɓa bangon kasuwa. Yaran da ke aikin yanzu kada a kore su, a tara su a ƙara musu sani, ƙungiya ta sayi injunan da za su riƙa ara.

Kai kuma mai saye, kada ka jira kowa. Ranar da za a kafa maka, ka tsaya a wurin da kanka. Ka zaɓa wa kan waje inuwa da sarari, ka kankare bututun ka ga ko tagulla ce har ciki, ka sa a ja mata wayarta ita kaɗai daga akwatin wuta. Ka ce a nuna maka injin zuƙe iska kafin a huda bangonka. In babu, ka ba shi kuɗin babur ka sallame shi, ka nemo mai shi, ka biya shi abin da ya ce.